An Gina Gada Bisa Teku, Baban Safiya Bai Gani Ba

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da ruwan Bahar Maliya ya ci maigidana, Baban Safiya. Ni ba mai yawan magana ba ce, rubutun ma a ajin yaƙi da jahilci na koya kafin mu baro gida. Amma abu biyu suka same ni a mako guda nan Nakkasa, a Makka, suka hana ni yin shiru.

Na farko wasiƙa ce daga ƙanensa, Ɗanjuma. Wai ya tattara iyalinsa za su taho ta Sudan, kuma an yi masa hanyar masu jirgin katako da ke tsallakar da marasa takarda. Hanyar da muka biyo ke nan.

Na biyu, 'yata Safiya tana yaga tsohuwar mujalla muna ƙunsa gyaɗar sayarwa, sai ta tsaya. "Ummi, shufi, dubi wannan! Wallahi motoci ne a kan teku." Hoton wata gada ce a ƙasar Turawa, an zuba ta da kankare, ta lanƙwasa daga wannan gaɓa zuwa waccan kamar bakan gizon soro, ruwan gishiri a ƙasa, motoci a sama.

Baban Safiya magini ne. Ɗaurin baka shi ne sana'arsa tun kaka da kakanni, da azara da jar ƙasa. Da ya ga hoton nan na san ba motocin zai duba ba. Gindin bakan zai ƙura wa ido, ya tambaya a kan me aka dasa shi, don shi ba ya ɗora gini sai ya haƙa ya ga ƙasar da idonsa. Amma wannan mutumin aka sauke a kan yashi, ya yarda.

Ran da muka tsallako, da hantsi masu jirgin suka tsaya a wani tudun rairayi, suka ce mu sauka, mun iso Hijaz, wancan baƙin da muke hange duwatsun Jidda ne. Muka sauka, maza cikin haraminsu, muka yi sujadar godiya, jirgi ya juya. Mu mutanen tudu ne. Kogin da muka sani da damina yake cika, da rani ya janye. Wa ya taɓa faɗa mana akwai ruwan da ke tafiya da safe ya dawo da azahar? Su masu jirgin sun sani sarai. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya sani ya yi shiru, me za a kira shi?

Ruwa ya zo idon sawu, ya zo gwiwa, ya kai ƙirji. Maigidana ya ɗora Safiya a wuya, tana 'yar shekara huɗu. Da wasu masunta suka iso da ƙaramin kwalekwale, mata da yara kawai ya iya ɗauka. Babanta ya miƙo mini ita ya ce, "Riƙe ta, ku je, za su dawo mana." Sun koma kuwa. Ba su tarar da tudun ba.

Tun ran nan ake ce mini ya yi sa'a, ya cika da harami a jikinsa, in yi haƙuri. Na yi. Ƙaddara na karɓa hannu biyu, amma ƙarya ba ƙaddara ba ce, mutum ne ya buɗe baki ya yi ta. Na san tekun nan ya fi ƙarfin gada, ban ce a gina mana ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a zamanin da wasu suka shimfiɗa wa motocinsu hanya bisa teku, har yau ana loda 'yan uwanmu kamar buhunan gawayi, masu yi wa masu jirgin dillanci kuma da Hausa suke yi, muna haɗa sahu da su a Harami.

Ba shi da kabarin da zan nuna wa 'yarsa. Abin da ya rage nasa sorayen da ya ɗaura a gida, an ce har yanzu ba wanda ya tsage, sai Safiya, sai kai Ɗanjuma, da kake da muryarsa. Wasiƙata ba lalle ta riske ka ba, shi ya sa na sa a jarida, wanda ya karanta ya kai maka. Ka nemi takarda, ka hau babban jirgi, ko zai ɗauke ka shekara biyar. Ɗakin Allah ba ya tashi daga inda yake. In kuwa ka ƙi ji, to ka bar yaran wajen kakarsu, ka taho kai kaɗai.