Uwar Ƙwai ta ajiye farar riga

Kafin masu shara su gama da baranda ta riga ta shige ɗakin ƙarshe, wanda ba shi da taga. Ta sa farar riga, ta ɗaura takunkumi, ta zura safar hannu, sannan ta kashe fitila ta riƙa haska ƙwai da tocila ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda ɗan tsakon cikinsa ke motsi. A irin waɗannan ƙwai ake rainon ƙwayar cutar murar tsuntsaye don a gane ta. Shi ya sa kowa a ɗakin gwajinmu ke kiranta Uwar Ƙwai. Ita kuwa takan ce babu kazar da ta kai ta kwanci, amma ko tsako ɗaya ba ta taɓa ƙyanƙyashewa ba.

Ni likitan dabbobi ne, mun yi aiki tare fiye da shekara ashirin. Ƙwayar da take bibiya jikinta duk ƙayoyin furotin ne, kamar ƙarangiya, kuma iri biyu ne. Ɗaya ƙugiya ce da ke maƙalewa a jikin tsuntsu, ɗayar kuma almakashi da ke yanke wa sababbin ƙwayoyi hanya su bazu. Ƙugiyar ce aikinta. Takan ɗiga jinin kaza cikin ƙananan ramukan faranti, ta haɗa da ruwan ƙwan. In jinin ya taru a ƙasa ya zama ɗigo, lafiya lau. In ya baje, ƙugiya ta kama. Daga nan sai ta gwada ko rigakafin da ake yi wa kaji yana gane wannan ƙugiyar har yanzu, domin siffarta canzawa take yi. Abin da ke hana mu sukuni shi ne ranar da za ta lanƙwashe ta dace da maƙogwaron mutum.

Wata shekara direbanmu ya kawo matattun kaji, ya tsaya yana sosa ƙeya, da ƙyar ya faɗa mata daga gonar yayanta ya ɗauko su. Shugabanmu ya ce a ba wani gwajin. Ta ce ko wa ya yi, jinin ba zai yi ƙarya ba. Ita ta yi, jinin kuwa ya baje.

Yayan ya same ta a bakin get, ina tsaye. Ya roƙe ta ta ɗan jinkirta sakamakon har ya kai masu sauran ƙarfi kasuwa.

Ta ce, "Yaya, in na yi shiru, gobe suna kasuwa, jibi suna kicin ɗin mutane. 'Ya'yanka ma su ke figar su."

Ya ce, "Da ƙwan kajin nan na yi miki karatu."

Aka haƙa rami aka binne kajin gaba ɗaya. Yayan bai sake farfaɗowa daga asarar ba. Yanzu gadi yake yi a wani kantin kayan gini, kuma in ta gaishe shi sai ya kau da kai. Da ya aurar da 'yarsa, a bakin maƙwabta ta ji.

Da a ce wannan sadaukarwa ta kashe wutar, da na ce an ci riba. Gonakin da ke kewaye sun tsira a shekarar, amma babu wanda ya zo godiya, don mutum ba ya ganin masifar da ba ta iso shi ba. Da shekara ta zagayo tsuntsaye masu ƙaura suka dawo da cutar, ƙugiyarta ta sake kama, ta share gonakin da aka cece su. Ranar na tarar da ita zaune gaban faranti, hawaye na jiƙa takunkumin. Ta share ido, ta ɗauki na gaba.

Uwar Ƙwai, ke ce mai gadin da ba a san da shi ba sai ɓarawo ya shiga. Ke ce kika zaɓi 'ya'yan mutanen da ba su san sunanki ba, kika rasa ɗan'uwan da ya raine ki.

A watan jiya ta yi ritaya, hannunta ya fara rawa. Ba a ɗauki kowa a gurbinta ba, an ce za a rufe sashen. Kafin tafiyarta wuta ta ɗauke, janareto babu mai, firizar da ta tara samfuran shekara da shekaru ta narke. Da hannunta ta kwashe su ta kai wurin ƙonawa. Muna dawowa ta ce mini, "Likita, ƙwayar tana can tana canza kama, mu kuma mun daina kallo."

Mun gode, Uwar Ƙwai, ko da yake godiyarmu ba za ta dawo miki da komai ba. Allah ya saka miki, ya sanyaya zuciyar yayanki tun kuna da rai.

Ku kuma matasa masu lafiyar ido da hannu, tana nan a gida, kuma ta ce duk mai son koyo ya zo, ba ta buƙatar ko sisi. Na faɗi haka a taron sallamarta, na faɗa a makarantar koyon aikin, yau ga shi ina faɗa muku. Har yanzu babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarta.