Kwamfutar Lukuman Mai Gudun Waƙa

"To yanzu me za ka ce, Lukuman? Wa'azin nawa ma kiɗa ne?" in ji Malam Badruddeen, yana nuna kwamfutar da yatsa.

Lukuman mai buga takardu ne a bakin tashar Gwarzo. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, rashin hali ya sa ya ɗora wa tsohuwar kwamfutarsa Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, tunda kyauta ake samunta. In ya sa faifan takardu, sai ya rubuta umarni ta buɗe shi. In na waƙa ne sai ta ƙi, domin irinsa babu fayil a ciki, sauti ne zalla, kuma da wata manhaja daban ake kunna shi. Gari ya ɗauka cewa na'urar Lukuman ba ta taɓa haram. Bai musa ba, don aikin makarantun Islamiyya daga Getso har Kabo ya dawo shagonsa.

Yau ga shi ta ƙi faifan wa'azin Malam Badruddeen, shugaban malaman makarantun, wanda da kalma ɗaya zai iya janye aikin nan duka.

Lukuman ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, ba ta san halal da haram ba. Kowane faifan sauti haka take yi masa." Ya buɗe manhajar kunna sautin, muryar Malam ta cika shagon.

Malam ya dubi Lukuman. "Ke nan waƙar ma tana kunnawa?"

"Tas kuwa."

Malam ya waiwaya ƙofa, ya rage murya. "Bar maganar nan tsakaninmu. Juma'ar da ta wuce da ita na buga misali a huɗuba."

Lukuman ya ce to, ya ɗauki jarka, ya tafi sayo man janareta.