Ranar da Malam Tanimu Ya Ga Kansa a Kan Dandamali

Wata rana, wata Asabar bayan la'asar, wani tsohon malamin firamare ya shiga zauren taron wata kwalejin horar da malamai don kallon wasan kwaikwayon ɗalibai, irin wanda ake yi da kiɗa da waƙa.

Malam Tanimu ake ce masa. Shekararsa saba'in da uku, talatin da biyar daga ciki da alli a hannu ya yi su.

Ba son wasan ne ya kai shi ba. Shi a wurinsa rawa da waƙa sana'ar marasa aikin yi ce. Jikarsa Fa'iza ce ta tasa shi gaba, tana cikin 'yan amshi, ta ce in bai zo ba to ya nemi wata amaryar, ita ta fasa auren tsoho. Ya yi dariya, ya ɗauki sandarsa.

Saura kwana tara ya tashi aikin Hajji.

Kun san yadda dattawanmu suke yi in tafiyar nan ta matso. Gida-gida ake bi ana neman gafara. Wata guda cur Malam Tanimu ya yi yana wannan zagaye. Ya je wa maƙwabcin da suka taɓa rigima a kan magudanar ruwa. Ya je wa ƙanwarsa da ya shekara biyu bai leƙa ba. Har wani mahauci da ya taɓa zagi a kasuwa sai da ya nemo.

Kowa ya ce ya yafe.

Abu ɗaya yake so a ransa: ya tafi babu haƙƙin kowa a wuyansa. Kuma a ganinsa ya gama, babu saura.

Aka ba shi kujerar gaba, tunda dattijo ne kuma tsohon malami.

Tun kafin a fara yake tsaki. Labulen dandamalin zannuwan gado ne aka haɗa da fil. Lasifika sai ihu take kamar an taka ta. A gefe ga mai kalangu, ga mai gurmi, ga wani da fiyano yana ta lalube. Wanda ya fito a matsayin hedimasta kuwa, gemun audugar da aka liƙa masa sau biyu yana faɗowa.

Malam Tanimu ya ce a ransa, waɗannan ne za su koyar da jikokinmu? Allah ya kyauta.

Sai ga malamin lissafi ya fito.

A wasan Malam Dogo suka sa masa suna. Ya shigo da taku ɗai-ɗai, rula a hammata, kalangu yana bin sawunsa. 'Yan aji suka miƙe suna waƙar tsoronsa, gwiwoyi na kaɗawa da gangan. Zaure ya kece da dariya.

Har da Malam Tanimu. Ya yi dariya har da goge ido. Ya juya ya ce wa mutumin da ke kusa da shi ai irin waɗannan mugayen ne suka ɓata wa aikin koyarwa suna. Ya ma tafa.

Wallahi ya tafa.

Sai Malam Dogo ya kwance agogon hannunsa ya ajiye a kan tebur. Ya nuna wani yaro da rula, ya jefa masa tambaya, ya fara ƙirge.

Ɗaya.

Biyu.

Uku.

Duk wanda uku ta riske shi bai ba da amsa ba, sai ya miƙo bayan hannu, a sauke masa gefen rula a kan gaɓoɓin yatsu.

Malam Tanimu ya daina dariya.

Wannan ai salonsa ne. Shi ya ƙirƙiro abinsa, kuma da shi yake alfahari, don a zamaninsa babu ajin da ya kai nasa saurin lissafin ka. Amma ya lallashi kansa. Ya ce malamai nawa ne suke ƙirga uku a duniya? Dacewa ce kawai.

Sai wasan ya koma kan wani yaro da ke zaune kusa da taga.

Yaron yana da in'ina.

Ya san amsa. Kowa a zauren yana gani a fuskarsa cewa ya sani. Baki ya buɗe, wuya ya miƙe, jijiyoyi sun tashi, amma maganar ta maƙale. Mai kalangu ma sai ya riƙa sarƙe kiɗan yana tsayawa tare da shi. Kafin harafin farko ya fito, uku ta yi.

Rula.

Washegari, rula. Jibi, rula. Suka nuna haka har sau huɗu, kowane karo kiɗan yana ƙara yin ƙasa, har masu dariya suka ji kunya suka yi shiru.

Daga nan aka nuna yaron shi kaɗai a hanyar gida, yana hura yatsunsa. Sai ya fara waƙa.

Jama'a, muryar ɗalibin nan sai da ta tayar wa mutane tsigar jiki. Babu sarƙewa, babu tsayawa, kalma na bin kalma. Wanda ya taɓa zama da mai in'ina ya san haka, da yawansu in suna waƙa harshen sakewa yake yi.

Nan dabara ta zo wa yaron. Gobe in an tambaye shi, rera amsar zai yi.

Gari ya waye. Agogo a kan tebur. Bakwai sau takwas?

Malam Dogo bai kai ga cewa biyu ba, yaron ya rera masa hamsin da shida, tsaf, da murya mai daɗi. Fuskarsa cike da murna, yau dai ya tsira.

Aji ya fashe da dariya.

Malam Dogo ya ɗauka raini ne. Ya ce wato shi za a mayar abin wasa, ajinsa ya zama gidan biki? To tunda roƙo yake so, zai yi roƙo.

Aka rataya wa yaron gwangwanin madara a wuya, aka ba shi tsinke biyu. Aka zaga da shi aji-aji yana kaɗawa yana waƙa yana kuka, aka ce yara su tsinko ganyen darbejiya su yi masa liƙi a goshi.

A nan Malam Tanimu ya daina yi wa kansa ƙarya.

Shitu.

Aji biyar. Siririn yaro mai manyan kunnuwa. Gwangwanin nan shi da kansa ya huda shi da ƙusa, ya zura masa igiya. Shekara arba'in ke nan.

Ya tuna ranar Litinin yaron bai zo ba. Talata ma haka. Ya yi ta sa masa alamar fashi a rajista har ƙarshen zango, sannan ya ja wa sunan layi da jan biro. Bai aika gidansu ba. Bai tambayi kowa ba. Ya ma ji daɗi, ajinsa ya rabu da mai ja masa baya.

Abin da ya fi ƙona masa rai, duk watan nan da ya yi yana bin gidaje, ko ɗalibi ɗaya bai faɗo masa ba. Ya tuna da mahauci, amma yaran da suka wuce ta ƙarƙashin rularsa shekara talatin da biyar, ko ɗaya. Don shi a wurinsa wannan ba zalunci ba ne. Tarbiyya ce.

Wasan ya ci gaba, shi kuwa gumi ya jiƙa masa hula.

Aka nuna yaron ya girma, yana facin taya a bakin titi, yana aiki yana waƙa. Aka nuna shi yana rako 'ya'yansa makaranta kullum, amma daga bakin ƙofa yake tsayawa. Ko ranar raba kyaututtuka ba ya shiga, ta saman katanga yake leƙe.

'Yan amshi suka jeru don waƙar rufewa. Ga Fa'iza a tsakiya, tana hango kakanta tana murmushi, ba ta san komai ba. Da bakinta take rera:

"Ku jira shi ya faɗa,
Ku jira shi ya gama,
Amsar tana bakinsa,
Ku ƙara masa huɗu."

Zaure ya miƙe tsaye ana tafi, mata suna share hawaye da gefen mayafi. Mutum ɗaya ne ya kasa tashi, kuma a kujerar gaba yake.

Sai mai gabatarwa ya kira wadda ta rubuta wasan ta fito a gan ta. Ɗalibar shekarar ƙarshe ce, sunanta Sa'adatu Shitu.

Kun san me Malam Tanimu ya ji a lokacin? Daɗi.

Eh, daɗi ya ji. Ya ce Allah ne ya kawo shi wurin nan don ya gyara kafin ya tafi. Kwana tara ai sun isa. Gobe da sassafe zai je har inda Shitu yake faci, ya durƙusa a gabansa a bakin titi, kowa ya gani. Kuma wannan karon zai jira shi, ko awa guda zai yi kafin ya furta.

Ya dogara sandarsa ya zaga bayan dandamali. Ya same ta tana ninke zannuwan labule. Da ta ga dattijo sai ta rusuna ta gaishe shi.

"'Yata, labarin nan na mahaifinki ne?"

"Nasa ne, Baba."

"To ni ne malamin. Ki kai ni wurinsa in nemi gafara."

Ta kalli fuskarsa, ta kalli hannunsa na dama.

"Ya rasu, Baba. Shekara biyu ke nan."

Da ƙyar ya ce, "To ke ki yafe mini a madadinsa."

"Ba ni aka rataya wa gwangwani ba, Baba, ba ni da abin da zan yafe. Ranar da zai rasu liman ya ce masa ya yafe wa duk wanda ya zalunce shi. Ya daɗe yana kokawa da maganar, muka jira shi har ya gama. Ya ce ya yafe wa kowa, ban da malaminsa na aji biyar. Ya ce wannan sai sun haɗu a can."

Ba ta ɗaga murya ba. Ba ta zage shi ba. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Ta ajiye zanen da ke hannunta, ta riƙe masa hannu ta sauko da shi daga matakala. Ta yi masa fatan sauka lafiya, ta koma aikinta.

A waje Fa'iza ta rugo tana tambayarsa ko ya gan ta, ko wasan ya yi kyau. Ya ce ya gan ta. Ya ce wasan ya yi kyau. Suka kama hanyar gida.

Washegari bayan sallar asuba ya tsayar da limamin unguwarsu ya kwashe komai ya faɗa masa. Liman ya ce ya yawaita yi wa mamacin addu'a, ya yi sadaka da sunansa, ya roƙi Allah ya shiga tsakaninsu ranar hisabi, rahamarsa tana da faɗi.

Malam Tanimu ya tambaye shi ko in ya yi haka shi ke nan, ya fita?

Liman ya ce wannan ba shi da ikon cewa. Mai haƙƙin ya riga ya faɗi tasa.

Ranar tafiya gida ya cika da 'yan rakiya. Kowa yana cewa Malam ya more, ya sallami kowa lafiya, zai tafi da wuya sakayau. Shi kuwa ya zauna a bayan mota da jakarsa a cinya, yana kuka irin na tsofaffi, wanda ba a jin sautinsa.

Suka ɗauka kukan murna ne. Bai gyara musu ba.

Darasi:

In ka tashi neman gafara, kada ka tsaya kan waɗanda kuka yi rigima da su. Waɗannan sun rama, ko sun faɗa maka a fuska. Ka tuna waɗanda ba su da bakin ramawa: yaron da ka kunyata a gaban aji, 'yar aikin da ka mara, ƙaninka da ka mayar abin dariya. Kai ka manta don ba kai ka ji zafin ba. Su ba su manta ba.

Kuma kada ka jira sai za ka Makka, ko sai furfura ta cika kai. Wanda za ka nema wataƙila ba zai jira ka ba, kuma in ya tafi, babu ɗa ko liman da zai yafe maka a madadinsa.

Malamai da iyaye, don Allah in yaro yana kokawa da magana, ku jira shi.

Ka tura wannan ga duk malamin da ka sani, da duk mai yaro a gida. In kuma akwai sunan da ya faɗo maka a rai kana cikin karantawa, to ajiye wayar ka neme shi yau.