Ƙaryar Gishirin da Na Yi wa Inna

Akwai wata ƙarya da na taɓa shirga wa mahaifiyata, wadda ko na manta da komai a duniya ba zan manta da ita ba. Na nemi gafarar Allah a kanta, amma gaskiya da za a sake, sai na sake.

Ni ne ɗan fari a gidanmu a Goronyo. Inna kuwa Bafulatana ce daga wata ruga a ƙasar Rabah, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana so in ci abinci, sai ta fuskanci bango ta ce, "A gaya ma wancan tuwo na hucewa," alhali daga ni sai ita sai kaji a tsakar gidan.

Baba dillalin albasa ne, bakinsa ba ya hutu. Wata ranar kasuwa ciwon ƙirji ya kayar da shi a tsakanin buhuna. A asibitin birni aka ce jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta toshe. Aka zura wata siririyar roba ta wuyan hannunsa aka buɗe wurin, aka bar masa ɗan ƙarfe mai kama da raga. Kwana biyu aka sallame shi, kuma daga ranar muka shiga uku, don Baba ya zama likitan zuciya na unguwa. Kowa ya zo gaisuwa sai an nuna masa tabon da bai kai cizon sauro ba. "Ciwon zucciya na maza na, masu ɗaukar nauyin gida," in ji shi. "In bai zauna maka ga ƙirji awa buhun albasa ba, to ba shi na ba."

Bayan 'yan watanni na lura Inna ta canja. Sharar tsakar gida sai ta yi ta a zama uku. Daga madafa zuwa ɗaki sai ta huta a kan turmi, tana haki, ta dafe muƙamuƙi. Abinci ma ta daina ci sosai, wai zuciyarta na tashi. Babban likitan gidanmu ya duba ta daga kan tabarmarsa ya yanke hukunci: "Olsa ta, da tsuhwa. Ta sha kanwa." Da na tambaye ta da kaina, sai ta kalli wata kaza ta ce mata lafiya lau.

Hankalina bai kwanta ba, don a wani zuwa da na raka Baba na ji likitarsa tana cewa ciwon zuciyar mata sau da yawa ba ya zuwa da ciwon ƙirjin da aka sani. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Amma na san in na ce Inna ta zo asibiti don kanta, ko da igiya ba za ta je ba. Sai na tuna abu biyu: ba ta yarda a taɓa mutuncin miyarta, kuma kunya ba za ta bar ta ta tsare ni da tambaya ba. Na je na tsaya kusa da ita, ni ma na fuskanci bango, na ce, "A gaya ma masu gidan ga, likita ta ce ba ta ƙara duba Baba sai an taho da mai sa mai gishiri ga miya."

Ranar tafiya ita ta riga kowa shiri. Har da ƙullin gishiri a leda, daidai wanda take sa wa tukunya, don a gani da ido. Tun daga Wurno har muka wuce Achida Baba yana yi mata karatun yadda ake magana da likita, ita kuwa tana kallon gonaki.

Na riga su shiga na raɗa wa likitar laifina. Baiwar Allah ba ta tona ni ba. Ta karɓi ƙullin ta juya shi kamar abin gaske, sannan ta ce, "Inna, in kin yi daka, mi kike ji?" A hankali ta ja ta da hira har ta faɗi komai. Da aka zo kan shekaru, Baba ya yi caraf ya ce hamsin da biyar. Ni kuwa lokacin ina da arba'in da bakwai. Na ce, "Baba, ashe tana shekara takwas ta haihe ni." Likitar ta danne dariya ta ce wannan ba wurin kara ba ne, don da shekarun ake auna magani da haɗarin aiki. Inna ta juya ga bango ta ce, "Sa'adda anka ja maigidan ga makarantar allo shina kuka, ni ka kai nono gidansu." Baba, wanda ya haura saba'in yana kiran ta yarinya, ya tsiri gyaran hula.

Dariyar ba ta daɗe ba. Gwaji ya nuna jijiyoyin zuciyarta biyu sun kusa toshewa, kuma sun daɗe a haka, dole ita ma a yi mata aiki. Likitar ta gaya mana kada mu auna na Inna da na Baba. Ta ce jijiyoyin mata sukan fi ƙanƙanta, sukan iso asibiti a makare kuma da shekaru, sannan zubar jini bayan aiki ya fi samun su. Baba ya ce ai kwana biyu ne, shi ya sani.

Bai sani ba. Jijiyar hannunta ta yi siriri, sai ta cinya aka bi. Bayan aikin wurin ya yi ta zubar da jini a ciki, har aka ɗebi nawa aka ƙara mata. Baba ya shimfiɗa tabarma a barandar asibiti da carbinsa, kwana uku ban ji ya koya wa kowa komai ba. Ni ma na fara tambayar kaina ko ƙaryata ce za ta kashe ta.

A rana ta uku, bayan la'asar, ina zaune gefen gadonta ta buɗe ido. Ba ta nemi bango ba. Ta dube ni sosai, ta kira sunana, cikakke, ta ce in ba ta ruwa. Na ba ta, na fita baranda na yi kuka kamar an yaye ni ranar.

Kwana tara ta yi aka sallame ta, ta ɗauki watanni kafin ƙarfinta ya dawo. Yanzu shara a tashi guda take yin ta. Da na tuna mata maganar sunan, sai ta gaya wa kaza cewa allurar likita ce ta sa ta sambatu.

Abin da na koya shi ne, ciwon mace, balle tsohuwa, ba lallai ya yi ihu irin na namiji ba, kuma lafiya lau ɗin iyayenmu mata ba amsa ba ce. A matsa, a kai su da wuri, a faɗi shekarun gaskiya. Ni dai sau ɗaya na ji sunana a bakin Inna, kuma na gwammace ta ƙara shekara ashirin tana aiko mini da saƙo ta bango da in sake jin sa a kan gadon asibiti.