Baƙon Ranar Talata

A ɗakin karatun ana kiransa Wa-Ya-Aiko-Ka, domin da haka yake amsa sallama. Shekara ashirin da biyu yana aiki a ɗakin baya, kuma bai taɓa barin kayansa ba shaida ba. Kofinsa, butarsa, har ƙafar kujerarsa, kowanne ya liƙa masa takarda mai sunan abin da inda ake ajiye shi, don kada a ɗauke a ce ba a sani ba.

Aikin rayuwarsa yana cikin wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur: jerin tsofaffin taswirori dubu huɗu, kowace a haɗe da sunan wanda ya zana ta da shekarar. Ya buɗe wa jerin ƙofa a intanet, inda kwamfutar wani za ta aiko tambaya ta sami amsa. Adireshin ƙofar kuwa bai faɗa wa kowa ba.

Sai shugabar ɗakin karatun ta ce tana son ɗakin bayan don ajiye kujeru. In bai nuna mata cewa wani yana amfani da jerin ba kafin ƙarshen wata, za a kashe kwamfutar.

A makon ne ya lura da wani baƙo. Kowace Talata da hantsi wani abu yakan zo ƙofar ta intanet, ya tambayi abin da ke ciki, ya tafi. Ba gaisuwa, ba godiya. Ya zargi mai shara, ya zargi mai gyaran wuta, ya daina amsa gaisuwar mai gadi. Daga nan ya toshe wa baƙon hanya, ya ji daɗi ƙwarai.

Ana saura kwana uku wata ya ƙare, ƙanwar matarsa, mai koyar da kwamfuta a jami'a, ta zo cin abincin rana. Ya ba ta labari ƙasa-ƙasa.

"Yaya, wannan ai ba mutum ba ne," in ji ta. "Manhaja ce da ke yawo tana neman irin ƙofarka. In ta samu sai ta sa ta a babban jeri, masu bincike su gani. Duk mako tana komowa ta duba ko kana raye."

"Wa ya aiko ta?"

"Babu."

"To wa ya ba ta adireshina?"

Ta duba wayarta, ta yi dariya har ta ƙware. "Kai ne. Ka rubuta wa jerin takardar bayani, sunansa da inda ake samunsa, ka liƙa a intanet. Yadda ka yi wa buta."

Ta juyo masa da wayar. Ga sunan taswirorinsa a babban jerin, a gefensa an rubuta cewa ƙofar ba ta amsawa, mako uku ke nan.

"Baƙo ɗaya Allah ya ba ka, ka kore shi."

Washegari ya buɗe hanyar. Amma wata ya ƙare ran Litinin, baƙon kuma ba ya zuwa sai Talata. Shugabar ta duba babban jerin da kanta, ta ga har yanzu an rubuta ƙofar ba ta amsawa, ta gode masa da ya sauƙaƙa mata aiki.

Talata da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin baya. Wani ƙato ne da kujeru huɗu a ka.

"Wa ya aiko ka?"

"Shugaba."

Ya daɗe bai sami amsa cikakkiya haka ba. Ya matsa gefe, ya ɗauko takarda da gam.