Kaluluwar Yayana

Sana'ata dillancin shanu ce, kuma ba gadonta na yi ba. Da hannuna na koya. In aka kawo mini sa a kara, kasuwar dabbobi, kafin in buɗe bakinsa sai na laluba gaban kafaɗarsa. In na ji kaluluwa ta kumbura, ba na tsayawa a kanta, ƙasa nake bi har kofato, don na san can ciwon yake. Duk Gwandu ba a sayar mini da dabba mai ɓoyayyen ciwo.

Yayana manomi ne a fadamar Masama. Wata damina ya taka tsohuwar fartanya cikin laka, ta yanke shi tsakanin yatsu. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Bayan kwana biyar ya aiko a kira ni. Na same shi kwance a zaure, jiki zafi rau, kaluluwa ta fito masa a matsematsi kamar ƙwan zabo.

"Kai da kake duba shanun mutane, duba naka san," in ji shi, yana dariyar ƙarfin hali.

Na taɓa, ya yi ƙara. Matarsa ta riga ta ɗumama muciya ta danna wurin sau uku, kamar yadda ake yi a gidanmu tun muna yara. Ban ce a kwance tsumman ƙafar ba. Na ga tsumman da idona. Ni na hau babur na ɗauko wanzami, ni na danne kafaɗun yayana aka yi masa sakiya. Jini kawai ya fito.

Sai da wari ya cika zauren muka sa shi a mota zuwa wani asibiti a Kalgo. Likitan ya kwance tsumman, ya duba ƙafar. Yatsu biyu sun yi baƙi.

"Wa ya huda nan?" Ya nuna matsematsin.

"Ni na sa, likita."

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce a cikin fata akwai ƙwayoyin halitta masu gadi. In cuta ta shiga ta rauni, sai wani sinadari da ake kira kalsiyam ya motsa a cikinsu, shi ne ke tayar da su su kama hanya ta wasu siraran jijiyoyi har kaluluwa, su kai labari a haɗa mayaƙa. Kumburin taron nan ne. "Jikinsa aikinsa yake yi, Alhaji. Ku kuka je kuka huda inda ake shirin taimakonsa, kuka bar ƙafar tana ruɓa."

Na ce masa na san wannan a jikin shanu.

Kwana biyu suna ƙoƙarin ceto ƙafar da allurai. A na uku aka tura mu Birnin Kebbi, aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Yayana bai taɓa ɗora mini laifi ba. Fadamar ni nake sa a noma masa yanzu. Ran nan na kai masa ziyara, yana zaune bisa tabarma yana tufkar igiya, sandunansa jingine da bango. Ya ce, "Ƙane, da sa ne ni, da ka duba kofatona."

Ya yi dariya. Na jira ya ƙara wani abu, sai ya ci gaba da tufka.