Layin Dogon Yaro a Gonar Baba

Shekarar da iskar farkon damina ta kwaye mana rufin ɗaki biyu, ruwa kuma ya ci gefen gonarmu ta hanyar Danko, Baba ya ce sai an dasa itatuwa ta gabas. Tsohon soja ne, in ya faɗi magana ba ya maimaitawa. Na yi murna, don ni ne babban ɗansa, ni nake noman gonar tun da gwiwarsa ta fara ciwo.

Ranar da za a auna wurin, na fito da igiya da turaku, sai na tarar da mijin ƙanwata zaune kan bencin Baba, suna zane a ƙasa da tsinke. Ashe sun riga sun gama shawara: layi biyu, dogon yaro a waje don tare iska, kashu da mangwaro a ciki.

Na ce, "Baba, ai da ka kira ni."

Ya ce, "Ga ka nan ka zo. Riƙe masa bakin igiyar."

Na riƙe. Shi yana tafe yana kafa turaku, Baba na biye da shi da sanda yana cewa, "Yawwa, ɗana, haka." Duk lokacin da ya ce ɗana sai in ɗaga kai, in ga ba ni ake nufi ba.

Mijin ƙanwar tawa bai taɓa yi mini laifi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Tun yana neman aurenta yake zuwa da samarin ƙauyensu su yi mana noma, ya gaishe ni da ladabi. Da babur ɗinsa ya yi ta ɗauko dashen daga cikin Zuru, a ledoji baƙaƙe. Amma ramukan ni na haƙa mafi yawansu. Ni na zuba toka saboda gara, na kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Da rani ya yi, shi yana gidansa, ni da matata muka yi ta jigilar ruwa daga rafi.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, Baba ya kawo abokansa tsofaffin sojoji su ga layin, lokacin itatuwan sun kai ƙirjina. Ina tsaye a wurin ya ce, "Aikin surukina ne. Yaron akwai kai."

Ban ci abincin rana ba. Mama ta same ni a bayan rumbu, ta ce, "Shi ɗan wani gida ne, dole babanka ya yaba masa. Kai kuma, wa zai bar wa gonar in ba kai ba?"

Na ce, "Mama, ba maganar gonar nake yi ba."

Ta dube ni, ta ajiye kwanon tuwo ta tafi.

Yanzu itatuwan sun wuce tsayin ɗaki, dawarmu ba ta kwanciya, ruwa ya daina cin gefen gonar. Maƙwabta na zuwa tambayar yadda aka yi, Baba ya tura su gidan surukinsa. Shi kuma ya ce musu, "Ku je wurin yaya, shi ya raya su." Sai su dawo wurina, in zaga da su layin ina bayani, Baba na zaune a inuwa yana sauraren rediyonsa.